Kayan robar mota da firintar 3D: wace roba ce za ta jure ranar Katsina?

Mai_Wayarin_ƘofarƘaura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikina gyaran wayarin da AC na mota a nan cikin garin Katsina, kuma shawara nake nema wajen waɗanda suka san firintar 3D, na'urar nan da ke ƙera kaya da narkakkiyar roba, da hannunsu.

Abin da ke yawan tsayar mana da aiki shi ne ƙananan robobin cikin mota: ganyen ramin iskar AC na 406 da Golf 3, maɓallin fanka, ƙugiyar da ke riƙe marfin akwatin dashbod, maɗaurin jikin ƙofa, murfin fiyus. Sabo babu shi a kasuwa. Na Beljiyam kuma sai mai shago ya ce ba ya cirewa ɗai-ɗai, sai ka sayi rabin dashbod. In an aika Ƙofar Ruwa a Kano aka samo, ya iso shi ma rana ta riga ta cinye shi, kana matsawa ya ɓare a hannunka.

Ina son in sayi na'urar in riƙa buga irin waɗannan, da kuma firam ɗin da ake sa rediyon Android a tsofaffin motoci. Abin da ya sa na dakata, na ga maƙalin wayar hannu da aka buga da irin wannan na'ura, an bar shi kan dashbod, ya lanƙwashe ya kwanta kafin La'asar. To wace roba ce ke jure zafinmu? Wace na'ura ya kamata mai farawa ya saya? Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, mi ke faruwa? Zanen kayan kuma a ina ake samu? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_SabonLayi:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da maganar roba, domin ita za ta faɗa maka na'urar da za ka saya.

Kowace roba tana da zafin da take fara sakin jiki a kai, tun kafin ta kusa narkewa. PLA, wadda aka fi sayarwa kuma ita ake sakowa cikin kwalin sabuwar na'ura, tana yin laushi daga digiri 55 zuwa 60 na Selshiyos. A Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura 40 a inuwa. Motar da aka ajiye a rana gilas a rufe, iskar cikinta takan kai 60, saman baƙin dashbod kuwa ya wuce 70. Abin da ya sami maƙalin wayar da ka gani ke nan. Wadda aka rubuta wa PLA+ ma kada ta ruɗe ka, ta fi jure faɗuwa ne kawai, wajen zafi duk ɗaya suke. Amfanin PLA a aikinka ɗaya ne: buga gwaji, ka ga ko awonka ya yi daidai.

PETG tana kaiwa kusan 80 kafin ta yi laushi. ABS kusan 105, ASA kusan 100. Tsakanin biyun nan na ƙarshe ASA nake ba ka shawara, saboda hasken rana ba ya cin ta yadda yake cin ABS. ABS in ta daɗe a rana sai ta koɗe ta yi gautsi, irin abin da kake gani a tsofaffin robobin da ke ɓarewa a hannunka. Duk abin da zai zauna saman dashbod, bakin ramin AC, ko wajen mota kamar murfin bayan madubi da ragar gaba, ASA.

Sai dai ASA da ABS suna da wuyar sha'ani wajen bugu, kuma dalilin ɗaya ne: suna ƙanƙancewa yayin da suke hucewa. Na'urar tana zuba robar hawa-hawa. Hawan sama na hucewa yana jan na ƙasa, sai kusurwa ta ɗaga daga faranti, wato shimfiɗar da na'urar ke gina kayan a kai, ko kayan ya tsage a tsakiya. Maganinsa shi ne kada iska ta taɓa shi har a gama. Ga yadda za ka saita:

Nozul, wato bakin da narkakkiyar robar ke fitowa, digiri 250 zuwa 260. Faranti 100, in na'urarka na kaiwa 110 ka kai shi. Fankar da ke hura wa kayan iska ka kashe ta a hawa uku na farko, bayan nan kada ta wuce kashi 20 cikin 100. Ka sa wa kayan leɓe a ƙasa mai faɗin milimita 5 zuwa 8, wanda za ka yanke daga baya, shi ke riƙe kusurwoyi. Ka wanke faranti da sabulun wanke-wanke ka bar shi ya bushe, sannan ka shafa gam ɗin takarda irin na sanda siriri. Ka kunna zafin faranti minti 15 kafin ka fara, na'urar a rufe, don cikin ya ɗumama. In an gama kada ka buɗe, ka bari faranti ya sauko ƙasa da 50, kayan zai saki da kansa. Ɓamɓare shi da zafi shi ke lanƙwasa shi.

A lokacin bazara zafin ɗaki na taimaka maka. Wahalar tana cikin hunturu, Disamba da Janairu, musamman bugun da ya kai asuba. Kuma fankar sama ko taga a buɗe kusa da na'ura sun isa su ɓata aikin awa biyar.

ASA da ABS suna fitar da wari mai cutarwa yayin bugu. Kada ka ajiye na'urar a ɗakin kwana ko inda yara ke zama, kuma in ka gama ka buɗe shagon iska ta ratsa.

Wani abu da zai sauƙaƙa maka zaɓi: juya tsohon kayan ka duba bayansa. Masu ƙera mota suna buga sunan robar a jiki tsakanin alamomi biyu, kamar >ABS< ko >PP< ko >POM< ko >PA66-GF30<. In ka ga ABS, to ASA za ta maye gurbinsa lafiya. In ka ga PA66-GF30, nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilas kashi 30, an yi shi ne don zafin inji da nauyi, kada ka yi tunanin PETG ko ASA za su tsaya a wurin. POM kuma ta ƙananan giyoyi ce da abin da ke zamewa, kamar a injin ɗaga gilas, abin da ya fi kusa da ita a na'urarmu shi ne nailan.

Abba_Sola:

Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ni ban yarda a ture PETG gefe haka ba. Mai farawa da ya faɗa wa ASA ranar farko zai ƙona rabin nadin zaren robar bai samu kaya ɗaya mai kyau ba. Abubuwa da yawa da Malam ya lissafa ba a rana suke zama ba: murfin fiyus na ƙarƙashin sitiyari, maɗaurin jikin ƙofa, mariƙin kofi tsakanin kujeru, maƙalan cikin but. Duk waɗannan PETG ta ishe su. Ba ta buƙatar rufi, ba ta da wari sosai, kuma hawanta na manne da juna da ƙarfi. Nozul 235 zuwa 245, faranti 75 zuwa 80, fanka kashi 30 zuwa 50. Matsalarta ita ce yauƙi, tana barin siraran zare tsakanin sassa, kuma tana kama faranti mai santsi har ta ɓamɓaro fatarsa, don haka a yi amfani da faranti mai kaushi ko a shafa gam ya shiga tsakani. Iyakarta dai layin gilas, kada a sa ta daga nan zuwa sama. Ko a ƙasa ma, in abu ne da ke ɗauke da nauyi ko yake a matse kullum, a hankali yake saki cikin zafi.

Maganar na'ura. In kuɗi sun kai, sayi mai rufi tun daga kamfani, kamar Bambu Lab P1S. Tana buga abin da ya kai milimita 256 ta kowane ɓangare, nozul ɗinta na kaiwa 300, kuma tana daidaita farantinta da kanta. In ba su kai ba, Creality Ender 3 tana yi, faɗinta 220 da 220, tsawo 250, kayan gyaranta kuma sun fi sauƙin samu. Amma ka san abu biyu game da tsohon samfurinta. Na farko, farin bututun da zaren roba ke bi yana sauka har bakin nozul, kuma yana lalacewa in zafi ya wuce 240 zuwa 250, to kafin ka fara ASA sai ka canza maƙogwaron da ke saman nozul zuwa na ƙarfe zalla. Na biyu, a jikin akwatin wutarta akwai ɗan jan maɓalli na 115 da 230. Tabbatar yana kan 230 kafin ka jona, in ba haka ba nan take zai ƙone. Rufi kuwa kafinta zai haɗa maka da filawud da ƙofar gilas. In za ka iya, fito da akwatin wutar waje da rufin, don zafin ciki na rage mashi kwana.

Wuta ita ce babbar magana. Na'urorin suna cewa suna ci gaba daga inda suka tsaya in wuta ta dawo, kuma gaskiya ne, amma da PLA. Da ASA, wuta na ɗaukewa faranti zai huce, kayan ya saki, shi ke nan aikin ya tashi. Ko bai saki ba, wurin da aka tsaya zai zama rauni, nan zai karye. Don haka inbata dole ne, kuma mai tsaftatacciyar wuta, kada ka jona kai tsaye da ƙaramin janareto mai hawa da sauka.

Lissafin ba wuya. Ender 3 da faranti a 100 cikin rufi, ka ƙiyasta wat 150 zuwa 200 in an daidaita. Aikin awa shida zai ci kusan wat-awa 1,200. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka sha, wato 1,200 ɗin daidai. Ka ga batir ɗaya aiki ɗaya ke nan in babu sola da ke mayarwa. Shi ya sa ya fi ka fara dogon bugu da hantsi rana na caji. P1S kuma lokacin da take ɗumama faranti tana iya jan kusan wat 1,000 na 'yan mintuna, to inbatar da ba ta kai 1.5kVA ba za ta riƙa yankewa.

Ƙura da laima su ma a kula. Da hunturu ka yanki ɗan soso ka tsaga, ka maƙala shi a zaren kafin ya shiga na'ura, ya riƙa share ƙurar, domin ita ke toshe nozul mai ramin milimita 0.4. Da damina, Yuli zuwa Satumba, zaren na shan laima. Alamar ita ce ka ji ɗan ƙas-ƙas a bakin nozul, jikin kayan ya fito da ƙuraje. Ka ajiye nadin cikin bokiti mai murfi da ƙullin silika. Wanda ya riga ya sha, PETG tana son digiri 65 na awa 4 zuwa 6. In ba ka da injin busarwa, ɗora nadin kan farantin na'urar, ka kifa kwali mai 'yan huji a kai.

Mai_Wayarin_ƘofarƘaura:

Na gode Injiniya, na gode Abba, Allah ya ƙara basira. Saura maganar zane. Na duba Thingiverse da Printables, shafukan intanet da ake sauke zanen kaya, akwai na Golf da yawa, na 406 kaɗan ne, kuma abin da nake nema ban gani ba. Idan kayan ya riga ya karye, yaya ake auna shi? Kuma na ji ana cewa ƙugiyoyin da aka buga suna karyewa tun a sawar farko. Laifin roba ne ko na zane?

Malama_Zane_Daura:

Malam, mafi yawan lokaci laifin kwanciyar kayan ne a kan faranti. Abin da aka buga yana da ƙarfi ta tsawon layin da nozul ya ja, yana da rauni tsakanin hawa da hawa, kamar itacen faskare da ke tsagewa ta tsawonsa cikin sauƙi amma ya ƙi yankuwa ta gicciye. In ka buga ƙugiya a tsaye, duk lokacin da ta lanƙwasa tana ɓamɓare hawa daga hawa ne, sai ta ɓalle a gindi. Kwantar da ita a gefenta, yadda harshen ƙugiyar da gindinta za su fito cikin layi ɗaya mara yankewa. Kafin ka buga komai tambayi kanka ta ina ƙarfi zai ja shi, ka kwantar da shi yadda jan zai bi tsawon layi.

Siffar harshen ma tana da doka. Tsawonsa ya kai aƙalla ninki biyar na kaurinsa, in wuri ya bari ninki takwas. Harshe mai kauri milimita 1.5 ya samu tsawon 10 zuwa 12. Inda ya haɗu da jiki kada ka bar kusurwa mai kaifi, ka zagaye ta da kusan rabin kaurin, domin daga nan tsaga ke farawa. Ka sa ya ɗan sirance zuwa baki don lanƙwasar ta rarrabu. Kada ka kwafi siffar na kamfani daidai-wa-daida. Nasu an zuba shi ne cikin mazubi da matsi, yana iya zama siriri. Naka ka ƙara mashi nama duk inda ido ba ya gani kuma ba zai tokari wani abu ba.

Ƙarfin kaya a bango yake, ba a cikon ciki ba. Ka sa bango 4 ko 5, sama da ƙasa hawa 5, cikon ciki kashi 30 zuwa 40, kaurin hawa 0.2. Ƙananan abubuwa irin ƙugiya ka cika su kashi 100.

Yanzu ganyen AC da ka ambata. Ɗauki wanda ya karye ka duba: kusan kullum ganyen lafiya lau yake, ɗan ƙaramin ƙusar robar da yake juyawa a kai ne ya gutsure, a sama ko a ƙasa. Irin wannan siririn abu in ka buga shi da roba ba zai kwana biyu ba. Abin yi shi ne ka zana ganyen ba tare da ƙusar ba, ka bar rami a gurbinta, ka buga shi a kwance. Sai ka yanko sifok ɗin keke, wanda kaurinsa milimita 2 ne, ka tura cikin ramin da ɗigon gam, ka bar abin da ya leƙo daidai tsawon na asali. In ramin da ke jikin firam ɗin ya fi 2 faɗi, nemi ƙusa ko waya da ta yi daidai da shi. Ganyen ya riƙa juyawa da ɗan tauri, in ya yi sako-sako iskar fanka za ta riƙa kwantar da shi.

Awo kuwa, sayi kalifa, ma'aunin kauri da faɗi, mai nuna lamba, ba tsada, kuma ba a aikin nan sai da ita. Haɗa gutsattsarin da sufa gulu don ka samu siffar, sannan ka auna. Amma ramin da kayan zai shiga ya fi kayan kansa faɗin gaskiya, tunda tsohon ya riga ya ci ko ya lanƙwashe, to auna duka biyun. In na hagu ne ya karye na dama na nan, zana na daman ka juya shi a manhaja. Abu mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, kamar firam ɗin rediyo, kifa shi kan na'urar sikanin takarda tare da rula a gefe, ka shigar da hoton cikin manhajar zane irin Fusion ko FreeCAD, ka daidaita girman da rular, ka bi layin. Hoton waya na karkata gefuna, in dole ne ka tsaya nesa ka zuƙo. Lanƙwasar dashbod kuma ka yanka kwali da almakashi har ya kwanta a kai ba rata, sai ka yi sikanin kwalin. Manhajojin waya masu ɗaukar siffar abu ba sa ganin baƙar roba mai ƙyalli sai an barbaɗa mata hoda, kuma ko an yi, awonsu bai isa ƙugiya ko ramin ƙusa ba.

Ka bar rata. Inda abu zai shiga cikin wani ya zame, milimita 0.2 zuwa 0.3 a kowane gefe. Inda ake son ya kama tam, kamar maɓallin fanka a kan sandarsa, 0.1. Sandar in mai shafaffen gefe ɗaya ce, auna zagayen ka kuma auna ta shafaffen. Ramuka suna fitowa sun ɗan tsuke, ka ƙara 0.2 ko ka bi da dirila. ASA kuma na ƙanƙancewa da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. A ƙugiya ba za ka lura ba, amma a firam mai milimita 200 ya zama milimita guda cur, ramukan ƙusa ba za su hau ba. Sai ka ƙara girman zuwa kashi 100.5 cikin 100 a manhajar yanka, wadda ke raba zane hawa-hawa ta shirya wa na'ura.

Kada ka buga firam gaba ɗaya don gwaji. Yanki siririn gefen kawai, kauri milimita 1 ko 2, ka buga da PLA cikin minti 20, ka kai jikin mota ka gwada, ka gyara, ka sake. Sai ya zauna sannan ka sa ASA. Ramin rediyo na ƙa'ida faɗinsa milimita 180 ne, tsawo 50 ga mai hawa ɗaya, 100 ga mai hawa biyu, amma rediyon Android da yawa fuskarsu ta fi haka, to ka auna wanda ke hannunka. In firam ɗin ya fi faranti girma, raba shi biyu a inda ba a gani, ka yi masu haƙora da za su shiga juna, ka shafa sinadarin asiton a bakin ka matse. Asiton na narkar da ASA da ABS su zama abu ɗaya. Ba ya yi wa PETG haka, ita sai gam ɗin araldait.

Wurin ƙusar ɗauri: in ƙusa mai cin roba ce irin ta dashbod mai kauri 4.2, yi rami 3.5 ka bar nama mai yawa a zagaye. In wuri ne da za a riƙa kwancewa ana ɗaurewa, sa gurbin tagulla da ake nutsawa da zafi. Na M4, wato na ƙusa mai kaurin milimita 4, yawanci rami 5.6 yake so, ka dai duba awon mai sayarwa. Da ayan ɗin sodarka za ka tura shi a hankali, a miƙe, ka bar aƙalla milimita 2 na roba kewaye da shi.

Baba_Bakanike_Jibiya_Road:

Yarana, kun yi magana mai amfani. Ni abin da zan ƙara shi ne inda na'urar nan ba ta da hurumi, domin da zarar masu mota sun ji kana bugawa za su fara kawo maka komai.

Duk abin da ya shafi birki, sitiyari, ƙafar mota, bel ɗin kujera da gindin kujera, kada ka taɓa, ko mai motar ya ce ya ɗauki alhaki. Motar haya da ke ɗauko mutane daga Jibiya ko Daura ba ransa kaɗai ke ciki ba. Murfin jakar iska ta sitiyari da ta gaban fasinja an yi su ne su tsage ta wani layi na musamman, in ka sa naka zai tarwatse ya zama abin yanka a fuskar mutum. Ko maƙalin waya kada ka kafa shi a kan wurin.

Abin da ke taɓa fetur shi ma a bar shi. Fetur na cin ABS da ASA, kuma abin da aka buga yana da ƙananan kafofi tsakanin hawa da ido ba ya gani, mai zai riƙa tsattsafowa. Haka bakin lagireto da mahaɗin tiyon ruwa. Ruwan nan yana kaiwa 90 zuwa sama da 100, kuma da matsi a kansa. In ya fashe a hanya, kafin direba ya lura gasket ya ƙone. Hanyar iskar inji kuma, duk abin da ke bayan filta in ya gutsure cikin inji zai faɗa.

Cikin bonet abin da za ka iya kaɗan ne: maƙalin wayar wuta, murfin akwatin fiyus, mariƙin sandar bonet, su ma nesa da salansa.

Injiniya_SabonLayi:

Allah ya ƙara girma Baba, haka yake. Ko waɗannan na cikin bonet ɗin, nailan ya fi dacewa da su, shi kuma yana son nozul 260 zuwa 280 da busarwa ta awa 8 ko fiye a digiri 70 zuwa 80 kafin kowane bugu. In mai gaurayen kabon ne sai an sa nozul na taurararren ƙarfe, don yana cinye na tagulla. Malam ya bar wannan sai hannunsa ya faɗa.

Abba, na yarda da kai a kan PETG a ƙasan layin gilas, amma ban da ramin AC. Yana kallon rana ta gilashin gaba in an yi fakin.

Akwai kuma TPU, roba mai laushi, wadda ke lamba 95A. Da ita ake yin zoben da waya ke ratsawa ta jikin bodi, matoshin ramuka, da ɗan matashin da bonet ke sauka a kai. A buga ta a hankali, milimita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, nozul 220 zuwa 230. Ba ta maye gurbin bushin ƙafa ko kujerar inji.

Don kayan ya saje da dashbod, kifa fuskar da za a gani a kan faranti mai kaushi, za ta fito da ɗan gurza irin na kamfani ba tare da fenti ba. In sai an yi fenti, goga da samfefa 240, fesa firaima mai cike rami, goga da 400, sannan baƙi mara ƙyalli siriri sau biyu. Bamba kuwa mafi yawa PP ce, gam ba ya kama ta, duk maƙalin da ka buga mata da ƙusa za a ɗaure.

Zaren da ka saya, gwada shi kafin ka yi wa mutum aiki, don akan samu nadin da sunan da ke jiki ba shi ne a ciki ba. Buga ɗan falle mai kauri milimita 2 ka tsoma a tafasasshen ruwa. PLA za ta yi laushi nan take, PETG za ta lanƙwasu in ka matsa, ASA da ABS za su tsaya da ƙarfinsu ko kusa da haka. Ɗigon asiton kuma zai sa fuskar ASA da ABS ta yi danƙo. Sabon zane kuma ka ɗaura shi a mota, a bar ta a rana gilas a rufe kwana biyu ko uku kafin ka fara sayarwa.

Wajen kuɗi, manhajar yanka za ta nuna maka giram da awannin da kayan zai ci. Nadi ɗaya kilo guda ne, raba kuɗinsa gida 1,000 ka samu na giram, ka ƙara wuta, ka ƙara kashi 20 na wanda zai lalace. Za ka ga robar ba ita ce tsadar ba, ƙugiya ba ta wuce 'yan giram. Lokacin awo da zane shi ne abin caji. Saboda haka maɗaurin jikin ƙofa da ake sayarwa cikin leda a shagon kayan gyara, saye ya fi bugu. Ka sa ƙarfinka kan motocin da suka fi shigowa garejinka, ka adana kowane zane da sunan mota, shekararta, irin robar da saitin da ya yi aiki, yadda in wata 406 ta shigo da irin karayar, kunna na'ura kawai za ka yi.